Bangon da bai bushe da hunturu ba: Yadda ake gano yoyon ruwa kafin ya ci gida

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan busar da komai a Maiduguri: leɓe, tufafin shanya, har ƙofofin katako. Saboda haka duk bangon ɗakin da ya ci gaba da jiƙa a wannan lokaci, akwai inda ruwa ke shigar masa. Lokacin kuma ya zo daidai da sa'ar da magidanta ke komawa kan hita, wato na'urar dumama ruwan wanka, bayan ta shafe watanni takwas ko tara ba a kunna ta ba.

Tun bayan ɓallewar Madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta sa ruwa ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori, an saba ɗora wa ambaliya alhakin kowane tabo a bango. Sai dai akwai bambanci. Laimar ambaliya daga ƙasa take tasowa, ta bi gindin bango a jere, kuma tana ja baya idan rani ya shigo. Tabon yoyo kuwa wuri guda yake tsayawa, yawanci bayan banɗaki ko ƙarƙashin hita, yana faɗaɗa, fenti na kumbura yana ɓarewa.

Batun ya shafi aljihun ma'aikacin Gwamnatin Tarayya kai tsaye. Tun da gwamnatin Obasanjo ta fara mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati da dama, gyaran gida ya koma wuyan mai gida ko ɗan haya. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa kan zubar da fiye da lita 20 a yini, kusan jarka guda ta 'yan garuwa. Idan ruwan zafi ne, asarar biyu ce, domin ɗumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 na cin sama da yunit biyu na lantarki. Da yayyafi kogi kan cika.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko sisi. A cika tankin sama da dare, a rufe famfuna duka, a yi alama a inda ruwan ya tsaya. Idan da safe ya sauka alhali ba wanda ya taɓa shi, to akwai yoyo. Wanda ake zargi na farko shi ne tankin masai: a ɗiga masa ɗan shuɗin wanki, idan launin ya bayyana a kwanon ba tare da an ja ruwa ba, robar ciki ta lalace.

Ita kuma hita, kada a kunna ta sai an buɗe famfon ruwan zafi ya zubo sosai, domin idan cikinta babu ruwa, ƙarfen da ke dumamawa kan ƙone nan take. A shafa busasshen tsumma a mahaɗar bututu biyun da ke ƙasanta. Danshi, tsatsa ko farin gari alamu ne na yoyo. Bawul ɗin da ke rage matsin ruwa kan ɗiga kaɗan yayin dumamawa, wannan aikinsa ne, kuma toshe shi na iya fasa tankin. Ruwan rijiyar burtsatse na tara yashi da dasashi a ciki, don haka ya kamata mai gyaran famfo ya wanke ta sau ɗaya a shekara, ya duba sandar maganiziyam da ke kare ta daga tsatsa.

Haɗari mafi girma shi ne haɗuwar ruwa da wuta. Duk wanda ya ji famfo ya ɗan ja shi, ya kashe wutar hitar daga babban makunni, ya kira mai gyaran lantarki ya duba wayar da aka binne a ƙasa.

Ga ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Maiduguri kuwa, kafin ya kulle gida, ya rufe bawul ɗin tankin sama, ya kashe hita. Ya kuma nuna wa iyali inda bawul ɗin yake, domin bututu kan fashe ko maigida ba ya gari.