Abin da ya kamata ku sani: yadda hunturu da damina ke juya aikin mai zane da ɗinki da takarda

Idan kun taɓa ba mai zane aiki a watan Agusta ya ce ku ƙara masa lokaci domin fenti bai bushe ba, wataƙila kun zaci hanya ce ta ja muku rai. Galibi gaskiya ya faɗa. Kayan da yake aiki da su suna jin sanyi da zafi da laima, kuma duk mai sana'ar da ya san abin da yake yi yana tsara shekararsa ne bisa wannan.

Wane mai sana'a ake nufi?

Ana nufin mutumin da ke da ɗakin aiki, shago ne ko zaure ko wani lungu a cikin gida, inda yake haɗa sana'a fiye da ɗaya: ya yi zane da fenti, ya yi ɗinkin ado da allura, ya kuma sarrafa takarda ya fitar da katin biki ko fure ko bangon littafi. Mata da yawa suna wannan a cikin gidajensu.

Kada ku ɗauka baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da hannu yana ƙawata shi da zayyana, mai ɗinkin hula, da mai yi wa babbar riga aska takwas a birnin Zariya, duk 'yan gida ɗaya ne a wannan fage. A Zariyar ce kuma, a 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta yi kira a haɗa dabarun zamani da fasahar gida. Makarantarsu ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Me ya haɗa yanayi da fenti da takarda?

Danshi, wato ruwan da ke cikin iska wanda ido ba ya gani. Ana auna shi da kashi cikin 100. Takarda da yadin auduga da katako duk daga tsiro suka fito, saboda haka suna shan wannan ruwa su kumbura, idan iska ta bushe kuma su sake shi su tsuke. Gidajen adana kayan tarihi na duniya suna ƙoƙarin riƙe danshin ɗakunansu tsakanin kashi 40 zuwa 60. A Kano kuwa, da ranar hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20, a tsakiyar damina kuma ya haura 70. Kun ga ke nan takardar da ke ajiye a ɗaki tana kumbura tana tsukewa kowace shekara, ko da ba wanda ya taɓa ta.

Wane aiki ya dace da hunturu?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiyar iska ke kaɗowa daga Sahara, ɗauke da hazo da ƙura. Komai yana bushewa nan da nan, kuma wannan yana da amfani yana da illa.

Fenti iri uku aka fi amfani da shi. Akwai fentin ruwa, wanda ake dama shi da ruwa a zana a kan takarda. Akwai akirilik, fenti ne mai haɗin roba wanda shi ma da ruwa ake sirka shi, amma idan ya bushe ba ya sake narkewa. Sai fentin mai, wanda ake haɗa garin launi da man tsiro. Biyun farko suna bushewa ne idan ruwansu ya tashi, don haka a hunturu kafin mai zane ya gauraya launi biyu a kan takarda, na farko ya riga ya kama. Shi ya sa za ku ga yana ajiye 'yar kwalbar feshi yana yi wa fentinsa yayyafi, ko yana matso kaɗan-kaɗan.

Fentin mai dabam yake. Shi sai ya sha iska a hankali yake daskarewa, yana ɗaukar kwanaki kafin a iya taɓa shi, kuma akan jira wata 6 ko fiye kafin a shafa masa man ƙyalli na ƙarshe. A duk kwanakin farkon nan fuskarsa da danƙo, ƙura kuwa idan ta zauna a kai ta zauna ke nan. Masu gwaninta sukan juya zanen ya fuskanci bango, su toshe taga da yadi, su yayyafa ruwa a ƙasa kafin shara.

Mai ɗinki ma yana da nasa. Hannu yakan yi kaushi ya riƙa kama zaren siliki yana tsefe shi. Idan ya shafa man kaɗe ya ɗauki farar shadda bai goge hannu ba, maiƙo ya bi yadin. Duk da haka hunturu lokaci ne mai kyau na rini da shanya, kamar yadda ake gani a marinar Ƙofar Mata a Kano, kuma a ranin ne magina ke yaɓe da adon bango.

A wannan lokaci ne kuma ake samun ƙaro, wato danƙon da ke fita daga itacen ɗakwara idan an tsaga ɓawonsa bayan ɗaukewar ruwa. Ana samun sa a Yobe da Borno da Jigawa, Sudan kuma ita ce kan gaba a duniya. Wannan ƙaron da almajiri ke sa wa tawadarsa ta gawayi domin ta kama allo, shi ne dai kamfanonin Turai ke haɗa fentin ruwa da shi su sayar mana da tsada. Abin takaici ne a ce matashin mai zane a Damaturu ko Haɗejiya bai san haka ba, alhali zai iya daka jar ƙasa ya tankaɗe, ya dama da ruwan ƙaro, ya sami launin da zai yi gwaji da shi.

Bazara fa?

A Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi. Fenti na daskarewa a cikin mazubinsa idan an bar shi a rana, gam na lalacewa, gumi na ɗiga a kan takarda. Aiki yakan koma bayan asuba da bayan la'asar.

Me ya sa damina ta fi wahala?

Domin ɓarnarta a ɓoye take. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman Agusta, takarda na yin laushi ta lanƙwashe, gam ya ƙi kamawa, fenti ya daɗe bai bushe ba. Idan danshi ya daɗe sama da kashi 70, fumfuna takan fito, wato farin ko baƙin kurajen nan da ke tsirowa a jikin abu mai laima. Tabonta a takarda da wuya ya fita. Allura da almakashi suna tsatsa, kuma allurar da aka bari soke a jikin hula na iya barin jan tabo. Ga gara da ke bin bango, ga kyankyaso da ke son kokon rogo da ake liƙa takarda da shi, ga asu a cikin tufafi.

Saboda haka damina ta fi dacewa da ɗinkin hannu, aikin da ba ya jiran bushewa, da zana fasali da fensir, da koyar da yara a dogon hutun makaranta. Wajen kare takarda kuwa, malaman zamanin da sun san sirrin ajiya. Takardun Italiya masu alamar jinjirin wata uku da fatake suka riƙa kawowa Kano ta Sahara a ƙarni na 19 har yanzu akwai littattafan da aka rubuta a kansu, domin an sa su cikin gafaka ta fata, an ɗaga su daga ƙasa.

Yaushe ciniki ke buɗewa?

Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba. Manomi ya sayar da amfani, bukukuwan aure sun yawaita, ana neman kati da kayan adon ɗaki da huluna. Iska ma ta daidaita, takarda na naɗuwa ba ta karye ba.

Sai dai mai ɗinki kalanda biyu yake bi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kusan kwana 11, don haka Sallah tana zagaya yanayi. A 2013 Ƙaramar Sallah ta faɗo a Agusta, cikin ruwa. A 2024 ta zo a Afrilu, cikin zafi, kuma a shekarun nan tana matsowa cikin hunturu. Babbar riga mai aikin hannu na iya cin watanni, don haka wanda ke son sa ta ranar Idi ba a cikin azumi zai kai yadi ba.

Nawa abin yake ci?

Yawancin fenti da burushi da takarda mai kauri daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 sun yi tsada ƙwarai. Yadi da zare sun fi sauƙin samu a kasuwa irin Kantin Kwari. Kariyar kuwa ba ta da tsada: akwatin roba mai murfi, kanta da ba ta jingina da bango ba, da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a cikin kwalin sabon takalmi. Babban abin da mai sana'a ke kashewa shi ne lokaci, kuma shi ne masu saye suka fi raina wa.

Me ya rage gare ku?

Idan kun sayi zane, kada ku rataye shi inda rana ke duka ko a bangon da ke jiƙa, kuma kada ku goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Hula da riga ku fito da su su sha iska a inuwa bayan damina. Idan kuma za ku ba da aiki, ku tambayi mai shi wane wata ya fi dacewa da irin abin da kuke so, ku kai da wuri, ku biya kafin alƙalami domin ya sayi kaya tun farashi bai ƙara tashi ba.