Kunkunniya da Bututun Hayaƙi: Aikin da Ya Kamata a Yi Kafin Ɗari Ya Shigo

Kowa ya san watannin gobara a ƙasar nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kaɗawa, jinka ta bushe ƙayau, ɗari kuma ya sa mutane su jawo wuta kusa da shimfiɗa. An saba yi wa jama'a gargaɗi a kan fitila, da kaskon wuta, da toka mai zafi da a kan zubar a gindin danga. Amma akwai wata ƙofar gobara da ba a cika ambatonta ba, ita ce bututun hayaƙi.

Da can a gidajen Turawa a kan gan shi, musamman a Jos da Bukuru da Vom, inda tudu ya kai wajen ƙafa 4,000, sanyi kuwa ya isa a hura wuta cikin falo. Waɗansu gidajen nan suna nan har yau, 'yan ƙasa ke ciki. Yanzu kuwa bututu ya bazu. Yana gidajen burodi, yana madafan makarantun kwana da na asibitoci, ga kuma sababbin murahu na laka ko na ƙarfe waɗanda ake kai wa mata don su rage cin itace. Abu ne mai amfani ƙwarai, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya cikin 2020. Sai dai mutanenmu sun ɗauka in an gina bututu an gama, kamar yadda a kan gina katanga a manta da ita. Ba haka ba ne. Bututu kamar rijiya yake, sai da yasa.

Me ke taruwa a ciki?

Hayaƙi ba iska ce kawai ba. Sauran itace ne wanda wuta ba ta cinye ba, haɗe da tururin ruwa. In ya hau bututu ya tarad da bango mai sanyi, sai ya kwanta a jikinsa. Da fari gari ne baƙi mai laushi, irin kunkunniyar da ke rataye a rufin ɗakin girki. In an bar shi sai ya yi ɓawo. In an ƙara barinsa sai ya zama kamar kwalta, mai sheƙi, mai tauri, har tsintsiya ba ta iya fid da shi. To, duk wannan makamashi ne. Ranar da aka hura babbar wuta, ko aka jefa takardu ko kara harshen wuta ya yi sama, sai cikin bututun kansa ya kama. Zafinsa ya kan wuce digiri 1,000, watau ninki goma na zafin tafasar ruwa. Bulo ya kan tsage, ƙarfe ya yi ja, azarar da ke jingine da shi ta kama, tartsatsi kuma ya yi ta zuba bisa rufin maƙwabta.

Abin da ya fi kawo wannan kwalta shi ne ɗanyen itace. Itacen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wanda ya dace da murhu kuwa bai kamata ruwansa ya wuce kashi 20 cikin 100 ba. Ba a bukatar ma'auni kafin a gane. In aka gwara guda biyu suka yi ƙara tas, sun bushe. In an sa a wuta ƙarshensa yana kumfa yana tsuwa, ɗanye ne. Marke da ƙirya, in an faskara su an jera a inda iska ke ratsawa, suna ba da wuta mai tsabta. Leda da roba da katako mai fenti kuwa, kada su shiga murhu ko kaɗan. Haka nan wutar da aka danne don ta kwana tana cin ƙasa-ƙasa, ta fi kowace tara kwalta.

Ba kunkunniya kaɗai ke toshe bututu ba. Na taɓa sauka a wani gidan baƙi cikin ɗari, mai gadi ya hura mini wuta don girmamawa, kafin minti biyar hayaƙi ya kore mu waje mu duka biyu. Da gari ya waye aka leƙa, sai ga sheƙar tsuntsu, ƙarƙashinta kuma gidajen zanzaro sun kusa haɗe bango da bango. Tun daminar bara ba wanda ya duba. Mun yi sa'a hayaƙin na gani ne. Akwai wanda ba a gani, ba a jin warinsa, likitoci na kiransa kabon monoksaid. Shi ne ke fita daga gawayi cikin rufaffen ɗaki, ya sa ciwon kai da jiri da amai, mai barci kuwa ya zarce ba farkawa. Toshasshen bututu yana komo da shi cikin ɗaki. In mutanen gida ɗaya suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, a fitar da su sarari, a kai su asibiti, a kuma tuhumi wutar kafin a tuhumi abinci ko maƙwabci.

Yadda ake yasa

Lokacinsa shi ne ƙarshen damina, cikin Oktoba, kafin a soma hura wutar ɗari. Sau ɗaya a shekara shi ne mafi ƙaranci. Gidan burodi da madafar makaranta, inda wuta ba ta hutawa, su yi fiye da haka. Ga ma'auni mai sauƙi: a kankare bangon ciki da wuƙa. In kaurin baƙin ya kai milimita 3, watau ya ɗan ɗara tsinken ashana, lokaci ya yi ko da jiya aka share.

A bar wuta ta mutu kwana ɗaya cur. A kwashe toka cikin bokitin ƙarfe, a ajiye nesa da danga. A toshe bakin murhu da jiƙaƙƙen buhu don kada baƙi ya cika ɗaki. Sa'an nan mutum ya hau da tsani, wani na riƙe masa. In akwai buroshin waya mai sanduna, madalla. In babu, a ɗaure damin tsintsiya mai tauri daidai faɗin ramin a tsakiyar igiya, a ɗaura dutse a bakinta a zura ƙasa, na sama ya ja, na ƙasa ya ja, har baƙi ya daina zuba. Bututun ƙarfe na ƙaramin murhu ya fi sauƙi, a kwance shi gaɓa-gaɓa a fitar waje a goge, a duba ko tsatsa ta huda shi. Bayan an gama a sa madubi ko tocila daga ƙasa. In ba a hango sama sarai ba, a nemi dalili. Kwaltar nan mai sheƙi in ta ƙi fita, aikin gwani ne, ko a sake bututun. Kada wani ya ce zai ƙone ta da kananzir, wannan kiran gobara ne da hannu.

Mai aikin ya rufe hanci da baki, in ya gama ya yi wanka da sabulu, ya wanke tufafinsa. Wannan ba tsirfa ba ce. Tun 1775 wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya gane kunkunniyar da ke zama a jikin masu sharar bututu tana jawo musu ciwon daji. A can Ingila yara ƙanana a kan tura cikin ramin, waɗansu su maƙale su mutu, har sai da Majalisa ta yi doka mai ƙarfi cikin 1875 kafin abin ya ƙare. Na ambaci wannan ne don a gidajen burodi yara ne 'yan aike, mai gida kuwa ya kan ga yaro ya fi shiga matsatsi. Kada a yarda da haka a gundumar kowa.

Sauran dubawa na gini ne. A ƙona ɗanyar ciyawa kaɗan, tagogi a buɗe, a rufe kan bututun na ɗan lokaci, a bi jikinsa da ido. Duk inda hayaƙi ya ɓullo, tsaga ce, a liƙe ta kafin a sake hura wuta. Kada azara ko katakon rufi ya taɓa jikin bututu. Ƙa'idar da magina ke bi a Amurka ita ce kansa ya ɗara rufi da ƙafa 3, ya kuma ɗara duk abin da ke kusa da shi cikin ƙafa 10 da ƙafa 2. A kifa masa hula da ragar waya don ruwa da tsuntsu da tartsatsi, amma a riƙa goge ragar, don ita ma tana toshewa. A ganina bututun ƙarfe bai kamata ya ratsa jinka ba sam. A fid da shi ta bango, ya wuce bakin rufi sosai kafin ya miƙe.

In ya kama fa?

Alamarsa ruri kamar na jirgi, da baƙin hayaƙi da tartsatsi daga sama. A fitar da mutane tukuna, a aika wa 'yan kwana-kwana in akwai su kusa. In ana iya kusantar murhu, a kashe wutarsa da yashi, a toshe bakinsa don a hana bututun iska. Kada a hau a kwarara ruwa ciki, gama bulo mai zafi in ya sha ruwan sanyi ya kan fashe. Ruwan a kai shi ga jinkar maƙwabta. Bayan ta mutu a sa mai tsaro har safiya, don azara ta kan ci a ɓoye.

Abin da ake roƙo ga Hakimai kaɗan ne. Dagatai da masu unguwanni su kawo sunayen wuraren da ke da bututu a ƙasarsu. Malamin gunduma ya buɗe shafi ɗaya a littafinsa, ya rubuta wurin, da sunan wanda nauyin sharar ke kansa, da ranar da aka share. Gidajen hukuma su ne abin lura, don a nan ne kowa ke cewa aikin wani ne. Idan Oktoba ta ƙare, duk layin da ba kwanan wata a gabansa, a aika a kira mai shi.