Suna Linzami: Wa Zai Karrama Masu Binciken Sunayenmu?

Daga nan Nasarawan Doya.

Kwanaki wani ƙanena ya tambaye ni, "Yaya, me ya sa ake ce wa Baba Tanko, alhali sunansa Muhammadu?" Wallahi sai da na ɗan yi jim. Ni da na yi digiri! Gwaggonmu ce ta fitar da ni kunya, ta ce, "Kai ɗan nan, ai mata uku aka haifa kafin shi."

To kun ji. Tanko namiji ne da ya biyo mata. Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza. Gambo shi ke bin tagwaye. Cindo mai yatsa shida ne. In kuwa kun ji Ajuji ko Ayashe, to uwar ta sha binne 'ya'ya, shi ya sa aka ba jaririn sunan da zai nuna kamar ba a damu da shi ba, ko Allah zai sa ya tsaya. Ashe suna ɗaya na ɗauke da tarihin gida guda.

Haka garuruwa. Akwai Nasarawa a Kano, akwai a Kaduna, ga jiha sukutum mai sunan. Amma da ka ce Doya, kowa ya san ta Makarfi kake nufi. Kurmin Kogi da ke Ikara kuwa, sunan kaɗai ya faɗa maka yanayin wurin.

Wannan fanni ne na ilimi mai zaman kansa, kuma an daɗe ana yi. A 1964 aka buga binciken Kirk-Greene a Zariya kan asalin sunayen mutane da sarautu da garuruwan Hausa. A 1981 Pauline Ryan ta yi maƙala kan yadda Bahaushe ke raɗa suna. A 1992 Paul Newman da Mustapha Ahmad suka nazarci sunayen shagwaɓa, irin yadda Ladi ke komawa Ladidi.

A Amurka akwai ƙungiyar masu nazarin suna tun 1951, da mujallarta mai suna Names. Duk shekara sukan zaɓi maƙalar da ta fi inganci su karrama mai ita, akwai kuma kyauta ta musamman ga sabon manazarci. Amfanin? Aiki mai kyau na fitowa fili, matashi kuma ya ga wahalarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Mu fa? Ɗalibi zai yi wata da watanni yana bin tsofaffi ƙauye-ƙauye, ya rubuta kundi, a ba shi maki, shi ke nan, kundin ya koma shan ƙura. Tsofaffin kuma kullum tafiya suke yi.

Shawarata ga ƙungiyoyin matasan Makarfi da Ikara da Kudan: mu haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, mu roƙi malaman Hausa na jami'a su yi alƙalanci, duk shekara mu karrama kundi ɗaya mafi kyau kan sunayen yankinmu, a karanta shi a gaban jama'a.

Kafin nan, yau da daddare ka je wajen kaka ka tambaye ta asalin sunanka, ka naɗa a waya.

Sai mun haɗu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.