Gandun Shaƙatawa na Letchworth: Yawon Buɗe Ido a Gaɓar Kogin Genesee

Gandun shaƙatawa na jiha fili ne da gwamnatin jiha ke keɓewa, ta hana a sare masa itatuwa ko a yanka shi filaye, sannan ta buɗe shi ga jama'a domin hutu da motsa jiki da kallon halittar Allah. A Amurka irin waɗannan wurare kashi biyu ne: akwai na tarayya, irin su Yellowstone da aka kafa a 1872, akwai kuma na jihohi, waɗanda ake ɗaukar na Niagara, wanda aka buɗe a 1885, a matsayin mafi daɗewa a cikinsu. Bambancin ya yi kama da abin da ya faru da Yankari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1991 kafin ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Gandunan jihohi sun fi kusa da garuruwa, kuɗin shigarsu kuma ba ya da yawa, shi ya sa su ne wurin zuwan iyalai a ƙarshen mako.

Ɗaya daga cikin fitattunsu shi ne gandun Letchworth da ke yammacin jihar New York, kimanin kilomita 56 kudu maso yamma da birnin Rochester. Faɗinsa ya kai hekta 5,800, kuma ya miƙe siriri na tsawon kilomita 27 yana bin Kogin Genesee. Komai na wurin a kan wannan kogi ya rataya, tun daga siffar ƙasar har zuwa dokokin da ake gindaya wa baƙi.

Kogin da kwazazzabonsa

Kogin Genesee yana tasowa ne daga tuddan arewacin jihar Pennsylvania, ya nufi arewa, ya yi tafiyar kilomita kusan 250 kafin ya zube a Tafkin Ontario a Rochester. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe yankin, tarin duwatsu da tsakuwar da ta turo sun toshe tsohuwar hanyar kogin. Da ƙanƙarar ta narke, sai ruwan ya nemi sabuwar mafita, ya riƙa cin dutsen da ke gabansa shekaru dubbai. Dutsen wurin mai falle-falle ne, laka da yashin wani tsohon teku ne suka daskare suka zama shi, don haka ba ya da wuyar zaizayewa. Sakamakon shi ne kwazazzabo mai zurfin da a wasu wurare ya kai mita 170, abin da ya sa ake kwatanta shi da shahararren Grand Canyon na jihar Arizona.

A kudancin gandun kogin yana faɗowa a manyan magangaru uku. Ta sama tana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ta tsakiya ita ce mafi tsayi, kimanin mita 33, kuma feshinta kan haifar da bakan gizo idan rana ta haska shi. Ta ƙasa tana cikin wani matsatsi, kuma a kusa da ita ne ake da gadar dutse ta masu tafiya a ƙafa. Ban da waɗannan, ƙananan ƙoramu da yawa suna gangarowa daga bakin kwazazzabon, musamman bayan ruwan sama.

Mutanen farko

Kafin zuwan Turawa, kwarin ƙasar ƙabilar Seneca ne, ɗaya daga cikin ƙabilun ƙawancen Iroquois. Tarihin wurin ba ya cika sai an ambaci Mary Jemison, 'yar Turawan da aka kama a Pennsylvania a 1758 tana budurwa, lokacin yaƙin Faransa da Ingila a nahiyar Amurka. Wasu iyalin Seneca suka ɗauke ta a matsayin 'yarsu, ta yi aure a cikinsu, ta haihu, kuma da aka ba ta damar komawa cikin Turawa sai ta zaɓi zama. A wata yarjejeniya ta 1797 aka keɓe mata fili mai faɗi a gaɓar Genesee. Ta rasu a 1833 kusa da Buffalo, a 1874 kuma aka dawo da gawarta kwarin da ta yi yawancin rayuwarta. Kabarinta da mutum-mutuminta suna kan wani tudu cikin gandun, kusa da tsohon zauren shawara na Seneca, wanda aka gina da gungumen itace aka kuma ɗauko shi daga ƙauyen Caneadea domin kada ya lalace.

Attajirin da ya sayi kwarin

A tsakiyar ƙarni na 19 masu sana'ar katako sun aske gangaren kwarin, an kuma kafa injinan tsaga itace a bakin magangarar tsakiya. A wannan hali William Pryor Letchworth, wani mai masana'antar ƙarfe daga Buffalo, ya hango wurin daga cikin jirgin ƙasa yayin da yake ƙetare doguwar gadar katako da aka gina a 1852. A 1859 ya fara sayen filaye a wurin. Ya gyara wani gida ya raɗa masa suna Glen Iris, ya cire injinan, ya sa aka dasa dubban itatuwa. Daga baya ya bar kasuwanci ya duƙufa kan aikin kula da marayu da masu taɓin hankali da masu farfaɗiya a hukumar jin ƙai ta jihar.

Da shekarunsa suka ja, wani kamfani ya yunƙuro zai datse kogin a saman magangarun domin samar da lantarki. Letchworth ya ga cewa bayan ransa babu mai iya kare wurin sai hukuma. A 1906 ya miƙa wa jihar New York kyautar fili mai faɗin hekta 400, gwamnati ta karɓa a 1907, shi kuma ya ci gaba da zama a gidansa har rasuwarsa a 1910. A yau Glen Iris masauki ne da gidan cin abinci, kuma akwai gidan tarihi mai ɗauke da sunansa a kusa.

Yawancin gine-ginen da baƙo ke gani yanzu na shekarun 1930 ne, lokacin karayar tattalin arzikin Amurka, sa'ad da gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta ɗauki samari marasa aikin yi ta baza su dazuzzuka. Su ne suka shimfiɗa hanyoyi, suka gina katangun dutse a bakin kwazazzabo, da matakala, da teburan cin abinci na dutse, da ɗakunan kwana na katako. Gadar jirgin kuwa sau biyu aka sauya ta: ta katakon ta ƙone a 1875 aka maye ta da ta ƙarfe, wadda ta yi aiki har zuwa 2017, sa'ad da aka buɗe sabuwa mai baka ɗaya da ba ta da ƙafa a cikin ruwa.

A ƙarshen gandun ta arewa akwai madatsar Mount Morris, wadda sashen injiniyoyin sojan Amurka ya kammala a 1952. Ba a gina ta don tara ruwa ba, don haka yawancin lokaci kogin na ratsa ta ƙasanta ya wuce. Aikinta shi ne riƙe ambaliya. A watan Yuni na 1972, da guguwar Agnes ta zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan ya taru ya kusa kai bakinta, ita ce kuma ta tsare Rochester da gonakin da ke ƙasa daga mummunar ɓarna.

Abin da baƙo ke yi

Hanya mafi sauƙi ta ganin gandun ita ce bin titin mota da ya ratsa shi daga kudu zuwa arewa, ana tsayawa a wuraren hange da aka tanada. Ana biyan kuɗin shiga ne a kan kowace mota a lokacin da baƙi suka fi yawa. Amma wanda ke son sanin wurin sosai sai ya sauka ya taka. Hanyoyin ƙafa sun haura kilomita 100. Wadda aka fi bi tana da tsawon kilomita 11, tana bin bakin kwazazzabo ta yamma, ta wuce dukkan magangarun uku. Tana da matakala masu yawa, don haka dattawa da masu ƙananan yara kan ɗauki guntun yanki kawai, kamar tsakanin magangarar sama da ta tsakiya, inda ƙasar ta fi shimfiɗa.

Masu son ruwa suna shiga kwalekwalen roba tare da jagora, su bi kogin ta ƙasan magangara ta uku, inda ruwa ke gudu tsakanin duwatsu. Kowa na sanye da rigar da ke hana nutsewa, kuma tafiyar ta dogara da yawan ruwa. Ana kuma tashi a cikin balan-balan mai kwando da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da iska ta lafa, a ratsa ta saman magangarun. Kamun kifi sai da lasisin jiha, haka ma farautar barewa da talotalon daji, wadda ake yi a keɓaɓɓun wurare da watanni.

Mai son kwana yana da zaɓi uku: ya kafa tanti a sansani, ko ya kama ɗakin katako, ko ya sauka a Glen Iris. A watannin zafi gurabe na cika da wuri, sai an yi rajista tun da watanni. Akwai cibiyar koyar da ilmin muhalli da aka buɗe a 2016, da wata gajeriyar hanya da aka buɗe a 2021 wadda aka tsara musamman domin masu lalurar galahanga da iyalansu.

Namun dajin da aka fi gani ba masu ban tsoro ba ne. Barewa mai farar wutsiya kan fito kiwo da magariba, ungulaye na shawagi a kan iskar da ke tasowa daga kwazazzabo, wani lokaci a ƙasan mai kallo, kuma ana ganin mikiya mai farin kai, tambarin Amurka, a kan kogin.

Lokutan shekara

A watannin Afrilu da Mayu ƙanƙara ta narke, kogin ya cika, magangarun na ruri, sai dai hanyoyi kan yi taɓo. Daga Yuni zuwa Agusta lokacin iyalai ne da sansani da wurin ninƙaya da aka gina. Oktoba ce watan cunkoso, domin a lokacin ne ganyen itatuwa ke rinewa ja da ruwan ɗorawa kafin ya zube, kuma wanda ke son wurin ajiye mota sai ya yi sammako ko ya zo a tsakiyar mako. Da hunturu ana rufe wasu ƙofofi da sassan titi, masu zamiya a kan dusar ƙanƙara su karɓi filin. Idan sanyi ya tsananta, ruwan da ke feshi a gaban Glen Iris kan daskare ya zama tsibin ƙanƙara mai tsayi.

Ka'idojin kiyaye lafiya

Babban haɗarin wurin shi ne bakin kwazazzabo. Dutsen yana ɓantarewa, kuma inda ido ke ganin ƙasa mai ƙarfi, mai yiwuwa ƙarƙashinta ya zaizaye. Saboda haka aka hana tsallake katanga ko barin hanyar da aka shata, ko da don ɗaukar hoto ne. An kuma hana wanka a kogin, domin igiyar ruwan na da ƙarfi, duwatsun na da santsi, kuma ruwan sama da aka yi can nesa na iya ɗaga shi cikin ɗan lokaci.

A cikin ciyawa akwai kaska mai yaɗa cutar Lyme, don haka ake son dogon wando da takalmi rufaffe, da duba jiki bayan dawowa. Akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje idan ya taɓa fata. Ba a ciyar da dabbobi, ba a tsinkar furanni, ba a hura wuta sai a murhun da aka tanada. Dokar jihar ta hana ɗauko itacen wutar da ba a gasa ba daga nisan da ya wuce kilomita 80, saboda ƙwarin da ke ɓuya a cikinsa suna kashe itatuwa. Kare sai da igiya. Sharar da mutum ya tara kuma shi ke da alhakin kwashe ta.

Guzurin yini ɗaya ba shi da yawa: ruwan sha, abinci, rigar ruwa, da taswirar takarda da ake bayarwa a ƙofa, domin layin waya kan yanke a cikin kwari. Wanda zai bi doguwar hanya ana son ya sanar da wani inda ya nufa da lokacin da zai dawo, ya kuma lissafa tafiyarsa yadda zai fito daga daji kafin faɗuwar rana.