Gidan Rediyo a Cikin Akwati

Garin Gure na Nijar yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Difa, kimanin kilomita 170 gabas da Damagaram. Yankinsa ya yi iyaka da jihar Difa ta gabas, da jihar Yobe ta Najeriya ta kudu. Tun ranar 6 ga Fabrairun 2015, da Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, wannan hanya ta zama ta masu gudun hijira da motocin agaji da na soja. Gure ba fagen daga ba ne, amma yana bakin gaɓarsa, kuma a irin wannan wuri ne ya kamata a yi nazarin na'urar da za ta iya maye gurbin gidan rediyo idan an ƙona shi ko an kori ma'aikatansa.

Na'urar ba ta da wuyar fahimta. Akwati ne da mutum ɗaya zai iya ɗauka, a cikinsa akwai makirufo, da abin haɗa sauti, da injin da ke tura murya a zangon FM, wanda ƙarfinsa kan kama daga wat 30 zuwa 100. Batirin mota ko farantin sola ya ishe shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsawon eriya ya fi ƙarfin inji tasiri. Muryar FM miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, don haka eriyar da aka ɗaga mita 25 takan kai kusan kilomita 20 a fili, wadda aka ɗora a kan tudu mai mita 100 kuwa takan ninka haka. A ƙasar Gure, inda ƙauyuka da yawa suke cikin kwaruruka tsakanin tuddan rairayi, wanda ya san inda zai kafa sandarsa ya fi mai babban inji riba. Manyan abokan gabar na'urar a nan su ne ƙurar hunturu da ke toshe fankarta da zafin bazara da ke kashe batir.

Nijar ba baƙuwar wannan fasaha ba ce. A 1999 aka buɗe rediyon al'umma na Bankilare a yammacin ƙasar da irin wannan akwati, ƙirar kamfanin Wantok na Kanada, yana aiki da hasken rana. Daga nan tashoshin karkara suka yaɗu har suka haura ɗari. A farkon shekarun 2000, bayan yarjejeniyoyin da suka kawo ƙarshen tawaye, an yi shirin da mutum zai miƙa bindiga a ba shi rediyon Freeplay, wanda ake wanawa da hannu ba sai da batir ba. A Siriya kuwa, wata ƙungiya mai suna MiCT da ke Balin ta fara rarraba ƙaramar na'ura mai suna Pocket FM a 2013. Zangonta bai wuce 'yan kilomitoci ba, kuma da gangan aka yi hakan: tashoshi ƙanana masu yawa sun fi babbar hasumiya ɗaya wuyar rusawa.

Duk da haka, akwatin shi ne mafi sauƙin sashe na aikin. Abin da ba a saye da kuɗi shi ne yardar mai sauraro. A lokacin tashin hankali jita-jita ta fi harsashi gudu, kuma mutumin da aka ce masa ya bar garinsa ko ya zauna ba zai bi umarnin muryar da bai taɓa ji ba. Zai bi muryar da ta saba sanar da shi farashin gero a kasuwa, da cigiyar raƙumin da ya ɓata, da ranar rigakafin yara. Ga kuma batun harshe. Yankin Gure na Manga ne da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, kuma sanarwar da aka yi da Faransanci kaɗai ba ta isa kunnen tsohuwar da ke rugar daji ba. Wannan ne dalilin da ya sa rediyon Dandal Kura, da aka fara a 2015, da Rediyo Ndarason da ke Injamena suka dogara ga Barbarci, Studio Kalangou na Yamai kuma yake shirya labarai da harsuna da dama tun 2016, yana miƙa su ga tashoshin karkara su watsa. Saboda haka wurin da ya dace da akwatin shi ne hannun ma'aikatan rediyon al'umma da ke aiki yanzu, su koyi harhaɗa shi tun ana zaman lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce ai zamanin rediyo ya wuce, kowa da wayarsa da WhatsApp. Amsar tana ƙetaren iyaka. A 2012 Boko Haram ta farfasa hasumiyoyin waya a arewacin Najeriya, a Mayun 2013 kuma hukumomi da kansu suka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa. An sake yin haka a Zamfara a Satumbar 2021. Waya ita ce farkon abin da ɓangarorin biyu suke kashewa. Rediyon hannu kuwa ba ya buƙatar kati, ba ya nuna inda mai shi yake, kuma ƙananan wayoyi da yawa suna kama FM ko babu layi. Gajeren zango yana kaiwa nesa, gaskiya ne, amma tashar da ke Landan ba za ta faɗa maka wace rijiya ce ta ƙafe ko wace hanya ce aka rufe yau ba.

Suka mafi nauyi ita ce ta Ruwanda. A 1994 rediyon RTLM ya riƙa kiran sunayen mutane yana tunzura a kashe su, kuma da aka buge ɗakin watsa shirinsa a Kigali, ya ci gaba da na'urar tafi-da-gidanka. Kotun duniya ta Arusha ta yanke wa jagororinsa hukunci a Disambar 2003. Ba za a yi wasa da wannan darasi ba, musamman a ƙasar da rikicin manomi da makiyayi kan tashi a kan rijiya ɗaya. Sai dai hana tashoshin kirki mallakar na'urar ba zai hana ɗan ta'adda samunta ba, domin ƙaramin injin FM yana da araha kuma yana shiga jaka. Abin da hanin zai haifar kawai shi ne a bar masa sararin shi kaɗai. Maganin yana ga lasisi daga hukumar sadarwa, da kwamitin gari mai wakilan kowace ƙabila, da ƙa'idar cewa ba a watsa labarin da ba a tabbatar ba, ba a kuma ambaton motsin soja ko maɓoyar jama'a.

Haɗarin da ke kan mai gabatarwa ma na gaske ne, domin ana iya gano inda murya take fitowa. Shi ya sa ake raba wurin magana da wurin eriya, a taƙaita lokacin shiri, a riƙa sauya wuri. Duk waɗannan dabaru ne da sai an gwada su kafin ranar buƙata. Ya kamata hukumomin ƙananan garuruwa irin su Gidigir da Kelle da Bune, tare da masu tallafa wa tashoshin karkara, su sa akwatin ko-ta-kwana da horon masu riƙe shi a cikin kasafinsu tun yanzu.