Daga rubutun fasaha zuwa nazarin kasuwanci: Abubuwan da ya kamata ka sani

Mene ne bambancin?

Mai rubutun fasaha yakan zauna da injiniya, ya fahimci yadda manhaja ke aiki, ya rubuta wa jama'a bayanin da za su gane. Shi kuwa mai nazarin kasuwanci tun kafin a gina komai yake shiga: ya saurari masu aikin, ya gano inda gizo ke saƙa, ya rubuta buƙatunsu dalla-dalla. Wanda ya iya na farko, rabin na biyu na hannunsa.

Ina ake koyo?

Cibiyar IIBA, wadda aka kafa a Kanada a 2003, tana bayar da shaidar ƙwarewa bisa littafinta, BABOK. Matakin farko, ECBA, ba ya buƙatar gogewa, kuma ta intanet ake jarrabawarsa. Babban matakin, CBAP, sai wanda ya yi aikin awa 7,500 cikin shekara 10. Da dala ake biya, don haka a fara tanadi da wuri. A gida akwai shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, mai koyar da nazarin bayanai kyauta. Ka riƙe Excel da SQL sosai.

Abin da bidiyo ba zai ba ka ba

A ganina nan matasanmu ke yin sake. Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, yana zaune ne a cibiyar albasa, amma sai ya riƙa gwaji da kantunan Amurka. Ya shiga kasuwa mana! Ya tambayi dillali yadda ake rubuta bashi, wa ke lissafin buhunan da aka loda wa mota, buhu nawa ke ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi. Wani zai ce matsalarsa rashin manhaja. In ka zauna da shi, sai ka tarar littafi biyu ne ba su jitu ba. Gano wannan shi ne aikin, kuma sai da ladabi da haƙuri dattijo zai buɗe maka littafinsa.

Ta ina za ka fara?

Zaɓi shago ɗaya a kasuwar Jega, ko ƙungiyar manoma a Maiyama. Zana yadda kaya da kuɗi ke tafiya, ka rubuta gyaran da kake gani, ka karanta musu da Hausa su gyara maka. Ka ajiye takardar tare da shaidarka, ranar neman aiki za ta yi maka rana.