Kyamarorin Tsaro a Titunan Birni: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Ana yawan cewa kyamarar da gwamnati ta kafa a bakin titi ba ta kutsuwa, tunda ta 'yan sanda ce. Ba haka ba ne. A Janairun 2017, saura kwanaki kaɗan a rantsar da Donald Trump, na'urori 123 cikin 187 masu adana hotunan kyamarorin 'yan sandan birnin Washington suka daina naɗar komai, daga ranar 12 zuwa 15 ga wata. An dasa musu manhajar nan mai kulle kwamfuta sai an biya kuɗin fansa.

Duk wanda ya dubi lokacin da abin ya faru zai ɗauka aikin 'yan leƙen asirin wata ƙasa ne. Bincike bai nuna haka ba. 'Yan ƙasar Romaniya biyu aka kama a Disambar shekarar, kuma kuɗi suke nema: sun mai da na'urorin wurin watsa saƙonnin imel masu ɗauke da wannan manhaja. Birnin bai biya ko sisi ba. Goge na'urorin aka yi, aka sake loda musu manhajarsu.

Sai batun cewa matsalar duk ta kyamarorin China ce. Akwai gaskiya a ciki. Amurka ta haramta wa hukumomin tarayyarta sayen kayan kamfanonin China Hikvision da Dahua, Birtaniya ma a Nuwamban 2022 ta hana kafa irinsu a muhimman gine-ginen gwamnati. A 2021 an gano wata ɓaraka a kyamarorin Hikvision da ke ba mutum damar karɓe su daga nesa, kamfanin ya fitar da gyara. Amma a wannan shekarar ce aka shiga kyamarori kusan 150,000 na Verkada, kamfanin Amurka, aka leƙa cikin asibitoci da gidajen yari da masana'antar Tesla. Masu kutsen ba su fasa wata ƙofa ba, kalmar sirrin babban mai kula da tsarin suka tsinta a fili a intanet.

Wannan sakaci da kalmar sirri ne abin da ya fi damuna, kuma shi aka fi yin shiru a kansa. Manhajar Mirai, wadda a Oktoban 2016 ta tara dubban kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo ta afka wa kamfanin Dyn, mai haɗa mutane da shafukan intanet, har Twitter da Netflix suka tsaya a sassan Amurka, ba wata gwaninta ta yi ba. Kalmomin sirri kusan 60 da kaya ke fitowa da su daga masana'anta take gwadawa ɗaya bayan ɗaya, irin su "admin" da "12345". Waɗanda suka kafa na'urorin sun ɗaure su, sun jona waya, sun karɓi kuɗinsu, ba wanda ya canza kalmar.